'Yan matan aji ɗaya sun fi mazan tsayi, amma lissafina ya ce maza ne a gaba

Ɗalibin Ƙididdiga:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon malamanmu. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikin kammalawata kuma a kan bambancin tsayi da nauyin matasa ne tsakanin maza da mata, daga shekara 11 zuwa 19. Na sami izini a wata sakandaren jeka-ka-dawo a garinmu, wadda maza da mata suke haɗe, na auna yara tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare har aji uku na babba. Na zuba komai a SPSS, manhajar lissafin ƙididdiga, maza gefe, mata gefe, na yi gwajin t, wanda ke kwatanta matsakaicin rukuni biyu. Sakamako ya nuna maza sun fi tsayi, kuma bambancin mai ƙarfi ne. To amma ranar da na shiga aji ɗaya, da idona na ga 'yan matan sun kere wa mazan. Idona ne ya yaudare ni ko lissafin? Mai duba aikina ya yi tafiya, sai bayan mako biyu zai dawo, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Idonka bai yi ƙarya ba, kwamfutar ma ba ta yi ba. Tambayar da ka yi mata ita ta amsa. Ka ɗauki ɗan shekara 11 da ɗan shekara 19 ka zuba su a ƙwarya ɗaya ka ce musu "maza", ka yi wa mata haka, sannan ka ce a gaya maka wace ƙwarya ta fi. Shekaru sun ɓace a cikin lissafinka, alhali su ne rabin taken aikinka.

Buɗe jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, wanda aka yi don 'yan shekara 5 zuwa 19, ka duba tsayin yaro na tsakiya a kowace shekara, wato wanda zai faɗo tsakiya in an jera su daga gajere zuwa dogo. A shekara 10, namiji santimita 137.8, mace 138.6. A shekara 12, namiji 149.1, mace 151.2, wato mace ta ba shi tazarar santimita biyu. A 13 sun kusan yin kunnen doki, 156.0 da 156.4. Daga 14 namiji ya wuce, 163.2 da 159.8. A 15, 169.0 da 161.7. A 19 kuwa namiji 176.5, mace 163.2, tazarar santimita 13 ke nan. Ka ga layin nan biyu sun gitta juna a hanya. Abin da ka gani a aji ɗaya shi ne ɓangaren da layin mata yake sama, gwajinka kuma ya haɗiye shi saboda tazarar manyan azuzuwa ta fi girma nesa ba kusa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni ban san ƙididdiga ba, amma a ɗakina na ga wannan. Tagwayena mace da namiji ne. Suna shekara 12 macen ta yi masa fintinkau, har baƙi suna tambaya ko yayarsa ce. Yaron ya shiga damuwa sosai, ya daina son a jera su a hoto. Yanzu suna 16, sai ta ɗaga kai take kallonsa.

Sista Mai Awo:
Hajiya, abin da kika gani shi ne tsarin balaga, kuma haka yake ko'ina a duniya. Mace tana shiga zaburar girma kimanin shekara biyu kafin namiji. Galibi ƙololuwar saurin tsayinta tana zuwa wajen shekara 11 da rabi zuwa 12, nasa kuma wajen 13 da rabi zuwa 14. A shekarar da suka fi sauri, mace takan ƙara wajen santimita takwas, namiji tara zuwa goma. Saboda haka riba biyu namiji yake ci: ya sami ƙarin shekara biyu yana girman yarinta kafin ya zabura, sannan zaburar tasa ta fi ƙarfi. Daga nan santimita 13 ɗin da Malam ya faɗa take fitowa. Masu bincike biyu a Ingila, Marshall da Tanner, su ne suka tsara matakan balagar nan, na mata a 1969, na maza a 1970, har gobe da su muke aiki.

Wani abu da iyaye ba su cika sani ba: a lokacin da yarinya ta fara al'ada, ta riga ta wuce ƙololuwar saurin tsayinta. Abin da ya rage mata bai cika wuce santimita biyar zuwa bakwai ba.

Ɗalibin Ƙididdiga:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Sista. To kenan in yi gwajin t ga kowace shekara daban? 11 da 11, 12 da 12, har zuwa 19?

Injiniya Daga Zariya:
Haka zan yi in ni ne. Ya fi sauƙin fahimta, kowa ya ga teburin zai gane. Gwaji tara, shafi ɗaya, an gama.

Malam Mai Alli:
Injiniya, a nan ban bi ka ba. Kowane gwaji da aka yi a matakin kashi 5 cikin ɗari yana ɗauke da yiwuwar ya nuna bambanci inda babu shi, sau ɗaya cikin ashirin. Ka yi shi sau tara, ko da babu bambancin komai tsakanin yaran, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da "sakamako" ta kai kashi 37 cikin ɗari. Ka ninka 0.95 da kansa har sau tara ka cire daga ɗaya, za ka gani. Ban da haka ma, gwaji tara ɗin ba za su amsa ainihin tambayar ba. Tambayar ita ce, shin tazarar maza da mata tana sauyawa da shekaru? Abin da zai amsa wannan shi ne ANOVA mai fuska biyu, gwajin da ke kwatanta rukunoni da yawa a lokaci ɗaya, shekaru fuska ɗaya, jinsi fuska ɗaya, sannan a saka cuɗanyar su biyun, wato yadda tasirin jinsi yake sauyawa da shekaru. Layin cuɗanyar nan shi ne zuciyar aikin. In ya fito da ƙarfi, to babu wata amsa guda ɗaya ga "wa ya fi tsayi", sai an ce a wace shekara.

Injiniya Daga Zariya:
Na yarda da lissafin Malam, amma ina nan a kan bakana ta wani ɓangare. Hedimasta ko uba da zai karanta aikin nan ba ruwansa da layin cuɗanya. Ya yi ANOVA ɗin saboda masu jarrabawa, amma ya saka tebur na kowace shekara: yawan yara, matsakaicin tsayi, ma'aunin warwatsuwa (wato yadda tsayin yaran ya nisanta daga matsakaici), da tazarar da ke tsakani. Sannan zane mai layi biyu. Wanda ya ga inda layukan suka gitta ya fahimci komai cikin minti ɗaya.

Malam Mai Alli:
A kan tebur da zane ba mu da saɓani. Su ne ma ya kamata ya fara yi kafin ya taɓa kowane gwaji. Da ya zana tun farko, da bai zo nan da wannan tambaya ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ina ta karanta ku tun ɗazu. Ɗana, tambaya ɗaya zan yi maka. Shekarun yaran nan, a ina ka samo su?

Ɗalibin Ƙididdiga:
Baba, daga rajistar makaranta na kwafa. Inda babu kuma na tambayi yaron.

Baba Tsohon Hedimasta:
To a nan gizo yake saƙa. Na shekara talatin da ɗoriya ina cika irin wannan rajista. Uba zai zo da yaro, ka tambaye shi ranar haihuwa, ya ce shekarar da aka yi ambaliya ne, ko bayan Sallar layya da kwana kaɗan. Malami ya dubi yaron, ya dubi ajin da za a saka shi, ya rubuta shekarar da ta dace da ajin. Duba rajistar da kyau ka ga yara nawa ne aka rubuta musu ɗaya ga Janairu. Wasu kuma da gangan ake rage musu shekara ɗaya ko biyu saboda gaba, lokacin neman aiki. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a hukumance. Yaran da ka auna ma, ba na jin lamarinsu ya fi haka kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa da tsayin yaro ake ƙiyasta masa shekaru. Dogo a ce ya kai 14, gajere a ce 12 ne. Kai kuma ka zo kana neman alaƙar tsayi da shekaru a cikin shekarun da daga tsayin aka ƙirƙiro su. Dole alaƙar ta fito tsaf, amma ba ta gaskiya ba ce.

Sista Mai Awo:
Baba ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi a asibiti. Bari in ba da misali. A ce yaro namiji tsayinsa santimita 153. In shekararsa 15, na tsakiya 169.0 ne, ma'aunin warwatsuwa wajen 7.8. Ka cire 169.0 daga 153, ka raba da 7.8, za ka sami kusan biyu ƙasa da sifili, wato mataki biyu ƙasa da na tsakiya, ya faɗa layin tsumburewa. In kuwa ainihin shekararsa 13 ce, na tsakiya 156.0 ne, bai ma kai rabin mataki ƙasa ba, lafiyarsa ƙalau. Yaro ɗaya, awo ɗaya, shekara biyu kacal suka raba "a kai shi asibiti" da "a bar shi ya yi wasansa". Shi ya sa manhajar AnthroPlus ta Hukumar Lafiya take neman ranar haihuwa da ranar awo, don da watanni take lissafi.

Ɗalibin Ƙididdiga:
Inna lillahi. Kenan duk wahalar da na sha ta tafi a banza?

Baba Tsohon Hedimasta:
A'a ɗana, kada ka karaya. Koma ka roƙi yaran su zo da katin rigakafi ko katin awo na uwa, ko takardar asibitin da aka haife su. Waɗannan sun fi takardar rantsuwar kotu aminci, don a lokacin aka rubuta su. Iyaye mata kuma suna riƙe da watan Musulunci da aka haifi ɗansu fiye da yadda kake zato. Ka raba yaran gida biyu, masu shaida da marasa shaida. Yi lissafinka da kowa, ka sake yi da masu shaida kaɗai. In amsar ta yi kama, alhamdu lillahi. In ta bambanta, ka rubuta hakan ƙarara, shi ma sakamako ne.

Malama Ta Makarantar Kwana:
Ina da ƙari a kan maganar Baba. Ƙanena, ƙirga mata nawa ne a aji ɗaya, nawa ne a ajin ƙarshe. A makarantun da na koyar, yawan mata yana raguwa yayin da ake hawa sama, wasu an yi musu aure, wasu an cire su. In haka yake a taka, to matan da ke cikin lissafinka yawancinsu ƙanana ne, mazan kuma sun fi yawa a manya. Ka ga ko da tsayinsu ɗaya ne a kowace shekara, haɗa su da ka yi zai nuna maza sun fi. Sannan matan da suka kai ajin ƙarshe sau da yawa 'ya'yan masu ɗan hali ne, cimarsu ta fi. Saboda haka kada ka rubuta "matasan garinmu". Rubuta "ɗaliban wannan makaranta". Almajiri da mai talla da wadda ke ɗakin miji ba su hau sikelinka ba.

Ɗalibin Ƙididdiga:
Gaskiya ne Malama, na duba yanzu, matan manyan azuzuwa ba su kai na ƙanana yawa ba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Nauyi fa? Shi ma haka zan bi da shi?

Sista Mai Awo:
Nauyi ya fi tsayi rigima. Na farko, ba ya rarrabuwa daidai hagu da dama kamar tsayi. Yara biyu ko uku masu ƙiba sosai za su ja matsakaici sama, don haka ka ba da na tsakiya tare da shi. Na biyu, nauyi shi kaɗai ba ya faɗin komai a wannan shekaru. Hukumar Lafiya da kanta ta tsayar da jadawalin nauyi bisa shekaru a shekara 10, saboda bayan nan ba za ka iya bambance yaron da ya yi nauyi don ya zabura ya yi tsayi da wanda ya yi nauyi don ƙiba ba. Sai dai BMI, wato nauyi a kilo, a raba da tsayi a mita sau kansa. Mai kilo 45 da tsayin mita ɗaya da rabi, 45 a raba da 2.25, ya ba ka 20.

Amma don Allah kada ka ɗauko layin manya na 18.5 da 25 ka ɗora wa yara. Na ga ayyukan ɗalibai da yawa da suka yi wannan kuskure. BMI na tsakiya ga ɗan shekara 12 shi ne 17.5, ga mace 18.0. Da layin manya sai ka ce fiye da rabin yara masu ƙoshin lafiya ramammu ne. Sai a shekara 19 yake kaiwa 22.2 ga namiji, 21.4 ga mace. Ƙa'idar yara ita ce, a ƙirga daga na tsakiya: fiye da mataki biyu ƙasa rama ce, fiye da mataki ɗaya sama nauyi ya yi yawa, fiye da biyu sama ƙiba ce. Ka kuma tuna cewa a balaga namiji tsoka da ƙashi ya fi tarawa, mace kuma kitse, BMI ba ya ganin wannan bambanci.

Ɗan Damagaram:
Ni akwai abin da ban gamsu da shi ba tun farkon zancen nan. Kuna ta ambaton jadawalin 2007 kamar shi ne alƙali. Yaran wa aka auna aka yi shi? Yaran Amurka ne, daga bayanan da aka tattara tun kafin 1977. Ta yaya za a ɗauki ɗan Amurka a mai da shi ma'aunin ɗan Damagaram ko ɗan Gusau? Kowace al'umma da ƙirarta. In an ce yaranmu gajeru ne, gajeru a kan wa?

Malam Mai Alli:
Maganarka tana da tushe, ba zan musa ba. Jadawalin Hukumar Lafiya na 'yan ƙasa da shekara biyar na 2006 daban yake: an auna yara wajen 8,500 a ƙasashe shida, Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, duk waɗanda suka sami shayarwa da kulawa mai kyau, aka ga girmansu ya yi kama da juna ƙwarai. Na 5 zuwa 19 kuwa, kamar yadda ka ce, tsoffin bayanan Amurka aka sake sarrafawa aka haɗa da wancan. Shi ya sa na farkon ake kiransa mizani, na biyun kuma abin kwatance kawai.

Inda na rabu da kai shi ne "kowace al'umma da ƙirarta". Matan Koriya ta Kudu sun ƙara wajen santimita 20 a cikin shekara ɗari. Jininsu bai sauya ba, abinci da lafiya ne suka sauya. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020, a kan yara da matasa miliyan 65 a ƙasashe 200, ya sami tazarar santimita 20 ko fiye tsakanin 'yan shekara 19 na ƙasashen da suka fi tsayi da na waɗanda suka fi gajarta. Saurayin Holan 183.8, na Timor ta Gabas 160.1. A gida kuma, binciken 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kashi 57. In muka auna yaran da suka taso a haka muka ce su ne mizaninmu, mun mai da yunwa ta zama ƙira. Wannan ne tsorona.

Ɗan Damagaram:
Na ji, kuma batun yunwa ba abin musu ba ne, muna ganinta. Amma 'yan ƙabilar Dinka na Sudan ta Kudu fa? Ba su fi Turawa cima ba, ga su dogaye. Gado yana da nasa rabo. Ni abin da nake so shi ne a auna yaranmu da suka ƙoshi, a birni da ƙauye, a yi mana namu jadawalin, sannan a kwatanta.

Malam Mai Alli:
In yaran da suka ƙoshi za a auna, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Kafin a yi wannan, wanda ke hannu shi za a riƙe, a faɗi iyakarsa.

Sista Mai Awo:
Akwai wani abu da zai shiga tsakaninku. Inda abinci ya yi ƙaranci, balaga takan yi jinkiri. Yaron da bai zabura ba a 14, in aka kwatanta shi da jadawalin yaran da suka riga suka zabura, zai fito kamar ya tsumbure sosai, alhali wani ɓangare na tazarar jinkiri ne, zai rage ta daga baya, wani ma yana ƙara tsayi har ya haura 19. Don haka ƙanena, kada ka yi mamaki in ka ga layukanka sun gitta a baya da inda na jadawalin suka gitta. In hakan ta faru da masu shaidar haihuwa, to ka sami abin rubutawa na gaske.

Malama Ta Makarantar Kwana:
Tunda za ka koma, ina roƙonka abu biyu. Wa ya auna matan a karon farko?

Ɗalibin Ƙididdiga:
Ni da abokina ne, a gaban aji. Da tef ɗin tela muka manna a bango, da sikelin banɗaki.

Malama Ta Makarantar Kwana:
To wannan karon ka nemi malama ko ɗaliba 'yar ajinku ta auna su, a ɗaki daban, ɗaya bayan ɗaya. Kada a faɗi nauyin kowa da ƙarfi. Na san yarinyar da ta daina cin abincin rana saboda an karanta nauyinta a gaban ƙawayenta. Ka nemi yardar iyaye a rubuce, ka cire sunaye ka saka lambobi. Ban da mutunci ma, awon naka zai fi inganci, don yarinya ba za ta cire hijabi da ɗankwali a gabanka ba, ƙulin gashi da tudun kitso kuma suna ƙara santimita ɗaya ko biyu. Tazarar da kake nema a shekara 12 ita kanta santimita biyu ce.

Injiniya Daga Zariya:
Tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa, nemi na ƙarfe irin na kafinta in ba ka sami allon awo na asibiti ba. Ba takalmi, diddige da baya a jikin bango, ido yana kallon gaba, a sauke wani abu mai kusurwa a kan kai, ba rula a karkace ba. Sikeli a kan siminti, ba a kan tabarma ko ƙasa ba. Gwada shi kowace safiya da abu mai sanannen nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kuma ka auna kowa a lokaci ɗaya na yini, mutum ya fi tsayi da safe da wajen santimita ɗaya ko fiye, saboda gaɓoɓin ƙashin baya suna matsewa zuwa yamma. In ka auna maza da safe mata da azahar, ka ƙirƙiri bambanci da hannunka.

Maman 'Yan Biyu:
Sista, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ƙanin tagwayen yana 13, shi ne ƙarami a ajinsu. Yaushe ya kamata in damu?

Sista Mai Awo:
Hajiya, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ki auna shi yau, ki sake bayan wata shida, a bango ɗaya, da safe. In yana ƙara wajen santimita biyar a shekara, yana kan hanya, zaburar ce ba ta iso ba. In ƙarin bai kai huɗu ba, ko ya cika 14 babu wata alamar balaga, ko yana yawan rashin lafiya da kasala, ki kai shi wajen likitan yara. Ki tafi da tsayinki da na mahaifinsa, za a tambaya: ana haɗa su, a ƙara 13, a raba biyu, a sami ƙiyasin inda namiji zai tsaya.

Ɗalibin Ƙididdiga:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da shugaban makarantar, ya amince in koma ranar Litinin, ya kuma haɗa ni da malamar da za ta auna matan. Takardar neman yardar iyaye zan rubuta da Hausa a daren nan, in saka roƙon katin rigakafi a ciki. Baba, in na turo maka ita ta akwatin saƙo za ka duba mini kalmomin kafin in buga?

Baba Tsohon Hedimasta:
Turo ɗana. Ka bar wuri a ƙasa don dangwala yatsa, ba kowane uba ne zai sa hannu ba.